Uwargida Da Jirgin Ruwa: Tafiya Zuwa Tsibiran Yawuri

  Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na ƙasar Birnin Gwari, tun daga cikin gari har Kuyello, Randagi, Dogon Dawa da Gwaska. Mai tsintar shinkafa ta jawo rediyon kusa, mai saƙa ta ci gaba da saƙarta, kunne kawai nake so.

Yau maganar ruwa za mu yi. Na san wata za ta ce, mu da muke zaune a cikin daji, me ya haɗa mu da jirgin ruwa? Gaskiya ne, mu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne kogin Mariga, da dam ɗin Bagoma, da rafukan da kan cika da damina su ƙafe da rani. Abin kallon da Allah Ya ba mu a ƙasarmu daji ne, wato gandun Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma an san shi da giwaye, gwanki, gada, birai da tsuntsaye iri-iri. Sai dai kowa ya san abin da ya sami dajin nan a shekarun baya, yadda 'yan bindiga suka mayar da shi mafaka. Mutanen Gwaska ba su manta da watan Mayun 2018 ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. An yi sulhu a ƙarshen 2024, har aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, amma ni dai ba zan ce wa kowace mace ta ɗauki 'ya'yanta ta shiga Kamuku kallon giwa ba tukuna.

To, amma tafiya ba ta daina kama mu ba. Aure ya kai 'ya'yanmu nesa, fatauci da gudun tashin hankali sun warwatsa dangi zuwa jihohin Neja da Kebbi. Ana haihuwa, ana aure, ana rasuwa, kuma wata rana maigida zai shigo ya ce ki shirya, za a je. Idan hanyar ta bi ta Tegina, ta wuce Kontagora, ta sauka Yelwan Yawuri, to kin isa bakin kogin Kwara, wanda ake kira Neja, kuma akwai garuruwa da yawa a can da mota ba ta zuwa, sai jirgi. Akwai kuma magidantan da kan ɗebi iyali don kawai su buɗe ido, musamman lokacin bikin Rigata, inda ake tseren jirage da wasan ninƙaya a gaban Mai Martaba Sarkin Yawuri.

Bari in ɗan zana miki wurin. A can tsibiri gungu ake ce masa, shi ya sa ake kiran mutanen da suka daɗe da zama a tsakiyar kogin Gungawa. Su da kansu Reshe suke kiran harshensu. Manoma ne na albasa da shinkafa, masunta ne kuma, tare da Sarkawa da suka gangaro daga Kabi. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968. Da aka tare kogin, sai ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wani wurin kuma faɗinsa ya haura kilomita 20, har ba ki iya hango ɗaya gaɓar. Mutum fiye da 40,000 aka tayar daga gidajensu aka sake musu matsuguni. Tsohon garin Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin ruwan nan yanzu. Ki riƙe wannan a ranki, domin tare da garuruwan akwai itatuwa da yawa da ruwan ya shanye, kuma kututturansu na nan tsaye a ƙasa har gobe. Za mu dawo kansu.

Wurin yana da kyau, wallahi. Akwai tsibirin Foge, wanda tun 2008 yake cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye saboda tsuntsaye. Da sanyin safiya za ki ga balbela da zalɓe a jere bakin ruwa, kirinjijiya na tashi garke-garke, ga dinya, ga gaggafa mai farin kai tana saukowa ta sure kifi. Lokacin hunturu har tsuntsayen da suka ƙetaro hamada daga Turai sukan sauka su huta. Akwai dorina, akwai kada. A ƙasashen waje mutane na tara kuɗi na shekaru don su shiga jirgi su je irin wannan kallo. Akwai wasu tsibirai da ake kira Galafagos, na ƙasar Ekwado a Kudancin Amurka, kusan kilomita 1,000 daga gaɓa, inda ake zuwa kallon manyan kunkuru masu shekara fiye da 100 a duniya. Mu kuwa ga namu, tafiyar wuni ɗaya a mota. Macen da ta shekara ashirin tsakanin ɗaki da madafi, ranar da ta ga wannan ruwan ba za ta manta ba, kuma ina yi wa kowacce fatan ta gani.

Sai dai ina so ta je ta dawo. A nan ne zan daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ya taso daga jihar Neja zai je kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150, ga babura, ga buhuna. Ya dare a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, a Bagwai ta jihar Kano, jirgi ya nutse da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi, aka rasa rai kusan 30, yawanci yara. A watan Yunin 2023, a Patigi ta jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu, 'yan biki ne, suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. Ranar 1 ga Oktoban 2024, a ƙasar Mokwa, jirgi mai ɗauke da kusan mutum 300, yawancinsu mata da yara, ya kife da dare, tafiyar Maulidi ce. A watan Satumban 2025 kuma, a ƙasar Borgu, kan tafkin Kainjin nan dai, wani jirgin masu zuwa ta'aziyya ya daki kututture ya kife.

Ki sake sauraron jerin nan da kyau. Kasuwa, Maulidi, biki, ta'aziyya. Waɗannan ai tafiye-tafiyenmu ne, mu mata. Masunci da ke kwana a kan ruwa ba kasafai ruwa kan ci shi ba, don ya iya iyo, ya san hanya, shi kaɗai ne ko su biyu a kwale-kwalensa. Mu ne ake tarawa da yawa a rana ɗaya, da ado, da goyo, da kwanuka, ba wadda ta taɓa koyon ninƙaya, ana sauri kada a makara. Kuma mu ne kunya kan hana mu buɗe baki mu ce jirgin nan ya cika.

Saboda haka shirin farko a gida ake yin sa, tun kafin a sa ranar tafiya. Mace mai kulle ba ita ke zuwa bakin kwata ta yi ciniki da matuƙi ba, maigida ne ko ƙaninsa ko babban ɗa. To ki zauna da shi, a lokacin da ya ci ya ƙoshi hankalinsa ya kwanta, ki ce, Malam, ina da roƙo uku game da tafiyar nan: mu shiga ruwa da safe, kada a cusa mu a jirgin da ya cika, kuma a nemo mana rigar kariya. Idan kika faɗi haka a ɗakinki, shawara ce kika ba mijinki. Idan kika bari sai a bakin ruwa, gaban dangin miji da 'yan kallo, sai a ce gardama ce, shi ma kuma kunya ta hana shi goya miki baya.

Rigar kariya, wadda 'yan boko ke kira layif-jaket, riga ce mara hannu, mai soso a ciki, yawanci ruwan lemo ko ja don a hango mutum daga nesa. Aikinta ta riƙe kanki a saman ruwa ko da ba ki iya iyo ba, ko da kin gaji. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta ce ba a yarda fasinja ya shiga jirgi ba tare da ita ba, ta kuma hana tafiyar dare, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Gwamnati ta yi rabon rigunan a jihohin bakin ruwa. Amma doka daban, abin da za ki tarar daban. Wani jirgin za ki ga riguna biyar ga mutum sittin, wani kuma an cusa su ƙarƙashin benci an ɗora buhu a kai. Shi ya sa nake ba ƙungiyoyin mata da 'yan adashi shawara: kamar yadda kuka haɗa kuɗi kuka sayi manyan tukwane da kujerun biki kuna ba da haya, ku sayi rigunan nan goma ko ashirin, har da na yara, ku ajiye a gidan uwar adashi. Duk mai tafiya ta ara ta dawo da su. Ba ta ruɓewa, ba ta cin abinci, kuɗinta bai kai na leshi ɗaya mai kyau ba.

Riƙe ta a hannu ko zama a kanta bai amfana komai ba. Sawa ake yi, a ɗaure duk igiyoyin tamau. Ki gwada tun a gida: ki sa, ki ɗaure, wata ta kama kafaɗun rigar ta ja sama. Idan ta haura ta rufe miki kunnuwa, to ta yi sako-sako, a ruwa za ta zame ta bar ki. Yaro kuma tasa daban ce. Kada a sa masa ta babba, ta ƙasa zai sulale. Ta yara mai kyau tana da igiya da ke bi ta tsakanin ƙafafu.

Yanzu maganar sutura, wadda na san ita ce ke ran kowa. Dogon hijabi har ƙasa da zani biyu da mayafi, a kan tudu mutunci ne. A cikin ruwa kuwa hijabin yakan buɗe ya naɗe fuska da hannuwa, zanin ya ɗaure ƙafafu ko ya kwance gaba ɗaya. Ba na cewa ki tuɓe, Allah Ya kiyaye. Ki sa dogon wando mai sauƙi a ciki, da riga mai dogon hannu, da hijabi madaidaici iya ƙugu, sannan ki ɗora rigar kariya a kan hijabin, ta danne shi. Dogon hijabinki na cikin jaka, kina sauka ki zura abinki. Sarƙa da awarwaro da 'yan kunnen biki su ma su jira a jaka. Takalmi kuwa na roba mai maɗauri, don bakin kwata akwai laka da santsi, mai tsini ba ya aiki a can.

Sai goyo. Iyayena mata, wannan ita ce maganar da na fi so ku tafi da ita. Mun saba, duk inda ake tsoro, sai mu ƙara tamke majanyi, don a ganinmu bayan uwa ya fi ko'ina aminci. A jirgin ruwa ba haka abin yake ba. Rigar kariya an yi ta ne ta juya mutum rigingine, fuska sama, baya a cikin ruwa. To wa ke bayan? Jaririn. Kuma rigar ma ba za ta ɗauru a kan goyo ba. Kafin ki taka jirgi ki sauke yaron, a sa masa tasa rigar, ki zauna, sannan a miƙo miki shi ki rungume a cinya. Idan kina da ƙanana uku, kada ki ce duk ke za ki riƙe. Tun a tudu a raba: wannan na hannun babansa, wannan na hannun gwaggonsa, kowane yaro da babba guda da ya san shi ne nasa. Idan kuma gidan da yawa ne, mata biyu ko uku da 'ya'yansu, ya fi kyau a rabu jirgi biyu ko sawu biyu. Mai tsohon ciki da mai ɗanyen jego, in da hali, su aika da gaisuwa, za a fahimta.

Kin iso bakin ruwa. Kada ki sunkuyar da kai kawai ki bi sahu, ki dubi jirgin. Tsakanin ruwa da leɓen jirgin nawa ya rage? Idan bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba alhali ana ci gaba da lodi, to igiyar ruwa kaɗan za ta shigo. Ki dubi ƙasansa. Jirgin katako ba ya rasa ɗan ruwa, amma idan tun yana ɗaure wani yaro ke ta kwarfa da roba ba hutawa, katakon ya gaji. Ki dubi kayan: babura, buhunan hatsi, shanu, duk tare da mutane? Ki dubi ko akwai filafili da gora na tuƙi, saboda inji kan mutu a tsakiyar ruwa. Idan ranki bai kwanta ba, ki matsa kusa da wanda ya kawo ki, ki ce masa a hankali, Yaya, ko Malam, ni dai mu jira na gaba. Za a yi tsaki. Wata dattijuwa za ta ce ke kin fi kowa son rai, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Ki ce mata, haka ne Inna, Allah Ya ba mu sa'a, amma ki tsaya a kan bakanki. Kuɗin mota da na jirgi da aka yi asara ana mayar da su. A yawancin garuruwan bakin ruwa akwai Sarkin Ruwa da shugabannin matuƙa, su suka san jirgin da ke da lafiya da matuƙin da ba ya ganganci, maigida ya tambaye su. Idan kuma tafiyar ta buɗe ido ce, gara a yi shatar ƙaramin jirgi na iyali kaɗai, a yi ciniki har da dawowa, kuma a kauce wa ranar kasuwa.

Lokaci ma abin dubawa ne. Kogin Kwara cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, wajen Agusta zuwa Oktoba, mai laka da ƙarfi, yana ɗauke da itace da ciyawa. Akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga ƙasar Gini, ya ratso Mali da Nijar, ya iso da hunturu, shi ya fi natsuwa. Don kallo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, sai dai ranar da hazo ya yi kauri a haƙura, don matuƙi ba ya gani. Farkon damina, wajen Afrilu zuwa Yuni, shi ne lokacin guguwa: gari garau, kafin ki ankara hadari ya haɗo daga gabas. A lokacin ne kuma ruwan tafkin ke ja baya, kututturan da na faɗa miki su matso kusa da sama. Da rana matuƙi na iya hango alamarsu ya kauce. Da dare ba ya iyawa, kuma idan abu ya faru ba mai ganin ku balle ya kawo ɗauki. In biki ya ja har la'asar sakaliya, ku kwana. Tabarma a tsakar gidan mutane ba abin kunya ba ce.

A cikin jirgi a shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna inda matuƙi ya nuna, kaya masu nauyi a ƙasa a tsakiya. Kada a miƙe. Abin da ke kifar da jirgi sau da yawa shi ne wata ta yi ihu, kowa ya ruga gefe guda, ko don tsoro ko don kallo. In an ce ga dorina can, ki kalla daga inda kike. Dabba ce da nauyinta kan haura tan ɗaya, tana iya nutsewa minti biyar ta ɓullo inda ba a zata ba, mai ɗa kuwa ba ta da wasa ko kaɗan. Kada a roƙi matuƙi ya matsa don a ɗauki hoto da waya. Yara su janye hannu daga ruwa. Mai jin jiri ko tashin zuciya ta ɗaga kai ta dubi gaɓa can nesa, ta tauna 'yar citta ko ta shinshina lemon tsami, kuma kada a cika ciki da maiƙo kafin a shiga.

Idan kuma abin da ba a so ya faru, Allah Ya tsare, ga abin da za ki tuna. Kada ki cakumi ta kusa da ke, ku biyun za ku tafi. Ki saki jaka, ki saki kwano. Ki kwanta rigingine, ki buɗe hannuwa, ki rufe baki, ki bar rigar ta yi aikinta, yaron kuma a kan ƙirjinki fuskarsa sama. Jirgin katako ko ya kife sau da yawa ba ya nutsewa nan take, a riƙe shi, don shi masu ceto za su fara hangowa. Kada ki ce za ki kai gaɓa, ta fi yadda ido ke nuna miki nisa. Ga kuma wata dabara ta masu ƙaramin ƙarfi: jarka mai lita 25, wadda ba komai a ciki, an murɗe murfinta tamau, tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa idan ya rungume ta. Ba ta kai riga ba, don hannu kan gaji, amma ki ajiye ɗaya kusa da ƙafarki, ki ɗaura mata 'yar igiya a mariƙi.

To, mun sauka lafiya. Zaman tsibiri sai da guzuri, don ba kanti a kowane lungu, asibiti kuma sai an sake ƙetare ruwa. Mai shan maganin hawan jini ko ciwon sukari ko asma ta ɗebi na kwanakin tafiyar har da ƙari, ta ƙulle a leda biyu. Haka waya da kuɗi da katin asibitin yara, a leda, a jikinki. A cika cajin waya tun a Yelwa, a bar wa na gida sunan garin da za a je da ranar dawowa, don wani gungun ba sabis. Gidan sauro dole ne, sauron bakin ruwa ba irin namu ba ne. A riƙe tocila, sabulu, ashana, da busasshen abinci irin su ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino da dambun nama. Ruwan sha a tafasa, ko da kin ga masu gida na ɗiba daga kogi suna sha, cikinsu ya saba, na 'ya'yanki bai saba ba. In gudawa ta kama yaro, ki haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kuma nemi hanyar asibiti.

Wata magana da ba a cika faɗi ba: jirgi ba shi da banɗaki. Saboda haka mata da yawa kan ƙi shan ruwa tun daren jiya, su wuni cikin rana da ƙishi, su sauka da ciwon kai, mai shayarwa nono ya ragu. Ki kewaya kafin a shiga, ki sha ruwanki daidai misali, ki tambayi tsawon tafiyar. In mai nisa ce, a gaya wa matuƙi tun farko akwai mata da yara, ya san inda zai tsaya. Alwala ma a yi ta a tudu, kada a sunkuya daga jirgi a ɗebo ruwa.

Yara za su so wanka a bakin kogi, don za su ga 'ya'yan gari na tsalle a ciki kamar kifi. A hana su. Ban da zurfi da kada, ruwan da ke kwance mai ciyawa yana da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, wato fitsarin jini. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Mu a da mukan ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji, alhali cuta ce da ke lalata mafitsara, mata ma tana taɓa musu mahaifa. In bayan an dawo da wasu makonni kin ga jini a fitsarin yaro, ko zazzaɓi, ki kai shi asibiti ki ce kun je bakin ruwa. Akwai maganinta, ana kiransa Praziquantel, kuma yana aiki.

Ku shiga garin mutane da ladabi. A fara gaida mai gari da matan gidansa. Ki riƙe musu tsarabar abin da ƙasarmu ke da shi, zuma, daddawa, man kaɗanya, za ki dawo da bandar kifi da albasa har ki rasa inda za ki sa. Ki tambaya kafin ki ɗauki hoton mace ko gidanta. Al'adunsu ba lallai su zo ɗaya da namu ba, za ki ga mace na tuƙa kwale-kwale ita kaɗai ta je gona ta dawo, ki kalla ki ƙaru, ban da zunɗe. Ledar ruwa da ta biskit a tattara a dawo da su, kada a watsa a kogi. A hana yara ɗibar ƙwan tsuntsu da harbi da danƙo. A tsibiran Galafagos ɗin da na ambata, doka ce baƙo ya tsaya nesa da dabba da mita 2, kuma ko dutse ba a ɗauka a fita da shi, shi ya sa har yau suke da abin nunawa.

Sai man ayu, 'yan'uwa, kada ku yi dariya, na san an sani. Ayu dabba ce ta ruwa, mai shayarwa, yawanci ciyawa take ci, ba ta cutar kowa. Cikinta kan kai shekara guda, ɗa ɗaya take haifa, sai ta yi shekaru kafin ta sake. Ta yi ƙaranci ƙwarai a kogin Kwara da Binuwai, kuma dokar Nijeriya ta hana kashe ta da cinikin sassan jikinta. Za a iya tare ki da kwalba a ce ga na asali, na gyaran aure. Kuɗin da mu mata ke bayarwa shi ke sa a ɗana mata tarko. Ki bar shi a inda kika gan shi, ki sayo wa maigida giwan ruwa mai kyau ki yi masa farfesu.

Maganar hanyar mota a gajarce: daga Birnin Gwari zuwa Tegina zuwa Kontagora, da yankin gandun dajin Kainji, duk an sha fama da 'yan bindiga. A tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar, a tashi da safe, a isa kafin magariba, in ba a samu tabbaci ba a ɗaga tafiyar. A kwana a Yelwa, washegari da hantsi a shiga ruwa.

Lokacinmu ya ƙure. Mai tambaya ta ba yaro takarda ya kawo gidan rediyo, ko ta sa a rubuto mana. Ina so musamman in ji daga matan bakin ruwa na Yawuri, Ngaski da Shiroro, ku gaya mana yadda kuke yi da jarirai a kwale-kwale, mu karanta wa 'yan'uwa. Sai mako mai zuwa war haka idan Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.